Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Rumfata ta Babbar Kasuwa ba ta da ƙyaure,
mai wucewa kan hango takalmi tun daga layin ƴan goro.
Ɗayar kuwa, wadda Tsayabu ɗan ƙanwata ya gina mani cikin waya,
ita ƙofa gare ta, kuma ƙofar mai nauyin jiki ce.

Fatar jan akuya nake ɗinkawa, shekara ashirin da shida.
Na san inda basilla ke bi ba sai na duba ba.
Abin da ban sani ba, yabo ma yana da nauyi
irin wanda ake aunawa.

Tsayabu ya ce, Kawu, yanzu ba a sayen abin da ba a yaba ba.
Ya ɗauko akwatin ra'ayoyi na wasu can ƙetare,
ya liƙa a goshin shafin.
Taurari suka bazu biyar-biyar kamar an watsa gero.
Wata Barira daga Tasawa ta ce silifas ɗin bai ci mata ƙafa ba.
Wani direban Damagaram ya sa hotonsa, jaka a kafaɗa, haƙora waje.
Na sa aka karanta mani sau uku.
Har mai shayi na ƙara wa dala ashirin.

Sai muka sa na biyu, mai juya hotuna.
Sai na uku, mai leƙowa daga ƙasa ya ce wani ya saya yanzun nan.

Ashe duk cikinsu babu mai kwana a gidan.
In baƙo ya ƙwanƙwasa sai an aika kiransu ɗaya-ɗaya,
wannan daga bayan teku, wancan daga bayan bayansa,
kowa da gayyarsa, da adonsa, da irin rubutunsa,
takalmi kuwa yana ciki, a duhu,
yana jiran a gama gaisuwa.

Ran Litinin Nomau ya kira ni daga Dakoro,
inda rezo ke zuwa kamar famfon da aka manta, ɗis, ɗis.
Ya ce, Malam Gado, na ga ƙawanya tana juyi,
na ga farin allo, na ga tauraro ɗaya da rabi,
megata ta ƙare ban ga ko igiyar takalmi ba.
Na roba ya saya a tasha.

Daren nan muka zauna a Mokoyo, an ɗauke wuta,
Tsayabu da agogon waya, ni da fitila.
Ya danna. Muka ƙirga.
Goma sha ɗaya.
A daƙiƙa goma sha ɗaya nakan yanke zare, in lashi bakinsa, in zura, in ja.
Mai saye tun a ta huɗu ya kai rumfar wani.

Mutum nawa suka zo suka juya ban ko ji takunsu ba?
A kasuwa in mutum ya juya ka ga ƙeyarsa,
ka ce dawo mana, nawa ka taya.
Nan babu ƙeya.

Na ce masa maroƙi ba ya tare ƙofar mai biki.
Ya kori mai leƙe. Ya kori mai juyi.
Na farkon ya mai da shi can ƙasan shafi,
ya ce kada ya taso sai mai saye ya gangaro da kansa.
Ya danna.
Uku.

Maganar Barira kaɗai na ce a bar mani a sama,
ba akwati, ba tauraro, baƙaƙe tsura, shi ya buga da hannunsa:
bai ci mani ƙafa ba.
Ya ce wannan ba ta kai nauyin ƙwayar gero ba.

Nomau dai har yau na roba yake sawa.
Na ajiye masa lamba arba'in da uku a ƙarƙashin tebur.
Ban kira shi ba tukuna.